Wa zai riƙe hannun yaron da ke zane a bayan kaye?

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman da ɗalibai da tsofaffin ɗalibai ƴan asalin Bader Goula, cikin gundumar Dakoro, suka yi a gida lokacin babban hutu. Mun rubuto shi yadda aka faɗe shi, da ɗan gyara kaɗan.



Iyayenmu da ke zaune nan gaba, malamanmu na allo da na boko, yayyena da ƙannena maza da mata, barkanmu da hutu, barkanmu da ganin juna lafiya. Na gode da kuka ba ni wuri in yi magana, alhali ga waɗanda suka girme ni a shekaru da sani. In harshe ya yi tuntuɓe, a yafe mini.

An ce in yi magana a kan karatu. Na san abin da aka saba ji a irin wannan zama: ku dage ku zama likitoci, ku zama injiniyoyi, ku zama alƙalai. Gaskiya ce, muna bukatarsu. Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke cikin dare ya fi kowa sanin haka. Amma yau ina so in yi magana a kan yaro guda wanda ba mu taɓa kiran taro dominsa ba. Kowane aji akwai shi. Shi ne wanda in ka juya kayensa ta baya za ka tarar da raƙuma da motoci da gidaje masu soro. Ko yarinyar nan da ke tsintar ƙyalle a bakin shagon tela, ta haɗa wa ƴar tsanarta rigar da telan kansa bai taɓa ɗinka irinta ba.

Ni na zauna benci ɗaya da irin wannan yaro a firamare. Ba zan faɗi sunansa ba, wasunku sun san shi. Da bik kawai yake zana motar kasuwa, da lodin buhunan hatsi a kai, da karen mota a maƙale a baya, har ka ji kamar za ta tashi. In an zo darasin taswira, shi mushe ke kira ya zana Nijar a allo, don ya fi mushe hannu. Amma ran da aka ga zane a kayensa na lissafi, bulala ya sha. Ban riƙe malamin a zuciya ba, shi ma haka aka koya masa: zane wasa ne, lissafi ne karatu. Muka tafi kwaleji a gari. Ni na dace da mai masauki na kirki, shi bai dace ba. Shekara biyu ya yi ya dawo gida, daga nan sai ci-rani. Ni da ban iya zana da'ira ta haɗu ba, ni ne na fito da takarda. Shi yau dako yake yi a tasha.

To, wani zai ce: Allah sarki, amma da ya ci gaba da zanen, me zai ci? Wannan ita ce tambayar, kuma ba tambayar banza ba ce. Bari in amsa ta da abin da kowa a nan ya sani, wato fata.

Jar akuyar Maraɗi sananniya ce a duniya saboda fatarta, laushi gare ta da ƙarfi. Ita da ƴar uwarta ta Sakkwato, ƙarni da ƙarni ana ketare hamada da fatunsu, har Turawa suka riƙa kiran irin wannan fata da sunan Maroko, don ta can take isa gare su. Mu ke kiwo, wasu ke cin suna. Yau ma kusan haka ne. Mahauci ya feɗe, a shanya fata, dillali ya tara a kasuwar Dakoro ko ta Sakabal, a loda mota a yi kudu da ita. Kuɗin da makiyayi da mahauci suka samu ku kun san shi. Wannan fatar, in ta shiga hannun majemi ya jeme ta da bagaruwa, baduku ya rina ta da karan dafi ya ɗinka, ta tashi daga wannan daraja. In kuma aka samu wanda ya zauna ya yi tunani: jakar nan a yi ta daidai girman kwamfutar hannu, a sa mata zik mai ƙwari, a fitar da guda 50 duk awo ɗaya, a ɗauke ta hoto mai kyau, a liƙa mata suna, to ta zama kayan da za a saya a Yamai da Abuja da Dakar ba tare da ciniki ba. Wannan zaman tunanin shi ake kira tsara fasali, kuma karatu ne da ake koya a makaranta. Tazarar da ke tsakanin kuɗin ɗanyar fata da kuɗin waccan jaka, ita ce abincin mai zane.

Haka cukun da iyayenmu mata ke yi a rugage. Cuku ɗaya ne, amma wanda aka tallata a faifai da wanda aka sa a leda mai tsabta da tambari da kwanan wata, ba kanti ɗaya suke shiga ba. Wa zai zana tambarin? Wa zai zana allon shago, da katin biki, da hoton da ake nuna wa uwar da ba ta yi boko ba yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari? Duk aikin wancan yaro ne da muka kora.

Kada ku ce wannan mafarkin ƴan birni ne. Ƙasar nan tamu ta riga ta gwada. A jahar Tawa akwai gari ana ce masa Yama. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani magini ɗan garinsu, Alhaji Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a da ƙasa da itace. Manomi ne kamar iyayenmu. A 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan zanen gini na duniya. Bayan shekaru, a garin Dandaji, cikin jahar ta Tawa, mutane suka so rushe tsohon masallacinsu na ƙasa don su yi sabo. Sai wata ɗiyar ƙasar nan, Mariam Issoufou Kamara, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Aka nemo maginan gargajiya aka yi aikin da su, aka gama a 2018. Yau ana koyar da wannan gini a makarantun duniya. Ita Mariam ɗin, kwamfuta ta fara karanta, ta yi aiki da ita shekaru, sannan ta koma aji a Jami'ar Washington ta Amurka ta karanci zanen gini. Ofishin da ta buɗe a Yamai a 2014 sunan Hausa ta ba shi: Masomi. Yanzu farfesa ce a Zurich, ƙasar Suwis.

Ku lura da abu guda a labarin nan. Mai takarda ba ta raina magini ba, magini bai guji mai takarda ba. Ilimi biyu ne suka haɗu, shi ya sa aikin ya tsaya.

Ga Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko, mai son zane. Ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ƙofa ta buɗe masa, ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke motsa zane ya zama fim. Ya dawo ya yi fina-finan zane tun shekarun 1960, yana cikin na farko da suka yi haka a Afirka. Ga Alphadi, wanda ya koyi tsara tufafi a Paris, ya dawo ya kafa bikin FIMA a 1998 a Tigidit, cikin hamada kusa da Agadas, duniya ta zo ta kalli ɗinkin Afirka. Dukansu baiwa gare su, babu musu. Amma ku duba da kyau: kowannensu akwai wurin da wani ya buɗe masa ƙofa, ko ya samu halin zuwa inda ake koyo. Abokina na benci baiwa gare shi shi ma. Ƙofa ce bai samu ba.

To ina ƙofofin suke? Da yawanmu ba mu ma san da su ba, kuma wannan shi ne ciwo na farko. A Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen fasaha da al'adu. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, ba zakuna da kuraye kawai ke ciki ba: akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa da suke aiki kullum, kuma ana koyon sana'a a wurin. A Lome ta ƙasar Togo akwai EAMAU, makarantar zanen gini da tsara birane ta ƙasashen Afirka, Nijar na cikin masu ita, kuma da jarrabawar gasa ake shiga bayan BAC. A kudu, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen zane-zane da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake karatun zanen atamfa da tukwane da tambura. A can Zariya ne a 1958 wasu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu suka ce ba su yarda a koya musu zanen Turawa tsantsa ba, sai an haɗa da na gidajensu. Ɗalibai ne kamar ku, kuma sun sauya fuskar fasahar Najeriya. Nan kusa kuma akwai cibiyoyin koyon sana'a, su CFM, inda ake koyon ɗinki da kafinta da walda, da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a.

Ƙofofi akwai ke nan. Amma ku auna hanyar daga nan. Daga Bader Goula sai ka kai Dakoro. Daga Dakoro zuwa Maraɗi sama da kilomita 100. Daga Maraɗi zuwa Yamai sama da 600. Yaro ba ya faɗuwa a hanyar nan don ƙwaƙwalwarsa ta gaza. A ƙananan ramuka yake faɗuwa. Ba shi da takardar haihuwa ran da ake karɓar takardu. Ya ji labarin jarrabawa bayan an rufe rajista. Ba kuɗin mota. Ya isa birni ba inda zai ajiye tabarmarsa. Ya shiga makaranta, sai ya tarar karatun zane yana cin kaya: takarda mai kauri, fenti, buroshi, yadi, daga baya kwamfuta. Ɗalibin tarihi zai iya aron littafi ya mayar. Fenti ba a aronsa, in an shafa ya tafi. In kuma Zariya ya nufa, ga Ingilishi na jiransa a bakin ƙofa. Kowane rami ƙarami ne, amma kowanne ya isa ya karya ƙafa.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, baƙaƙen fata sun daɗe suna ƴan kaɗan a manyan makarantun zane, ga tsadar karatu, ga rashin wanda ya riga su shiga da zai nuna musu hanya. A wata makaranta da ke New York, ana ce mata Pratt, baƙaƙen da suka gama suka kafa ƙungiya a 1990, suna tara kuɗi suna biya wa na bayansu karatu, suna haɗa su da masu ba da aiki. Mu a nan ba launin fata ne ya tare mu ba. Namu nisa ne, da talauci, da raini. Amma maganin iri ɗaya ne: wanda ya haye shi ke miƙo hannu, don shi ya san inda ramukan suke. Na gaba idon na baya ne.

Na ambaci raini, bari in tsaya a kansa, don ya fi nisa da talauci wuyar magani. Iyayena, ku gafarce ni, zan faɗi abin da muke yi. Muna sa zoben maƙeri mu yi ado, muna taka takalmin baduku mu je Idi, amma in ɗanmu ya ce zai zauna ya koyi aikinsu sai mu ce ba gadonmu ba ne. In ɗansu ya zo neman aure gidanmu sai a fara tone-tonen asali. A garin nan Hausawa da Abzinawa da Fulani muke zaune, kowa da nasa irin wannan ra'ayi, kada wani ya nuna wani. Surfanin matan Woɗaaɓe, da jakunkuna da matasan fata na matan Abzinawa, da zanen ƙwarya, da saƙar tabarma da faifai, baƙi na biyan kuɗin jirgi su zo su gani, mu kuwa muna ƙyamar masu yi. A Najeriya akwai wata mata mai ginin tukwane, Ladi Kwali, ba ta yi boko ba. Jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Ƴan kasuwarmu sun sha ƙirga ta ba su san mai tukwane suke ƙirgawa ba.

Na san kuma abin da ke ran wasu iyaye, maganar hoto a addini. Ni ba malami ba ne, ga malamai nan zaune, hukuncin zana abu mai rai su za su faɗa mana. Abin da zan ce kawai, mafi yawan aikin da nake magana a kai bai ma je can ba. Zanen gini ne, da yadi, da takalmi, da kujera, da harafi. Kuma wa ke yin zayyana a allon mai sauka? Wa ya ƙawata Alƙur'anan kakanninmu na rubutun hannu da ja da rawaya, wa ya ɗinka musu gafaka? Wa ya gina masallacin Yama? Almajirin da ya iya zayyana mai zane ne, kuma yana cikin yaran da nake roƙo a riƙe wa hannu.

Yanzu me za mu yi? Ban zo in ce mu rubuta wa gwamnati takarda mu zauna jira ba. Haƙƙinmu ne mu nema, za mu kuma nema. Ban zo in ce mu jira furoje ba, furoje shekara uku yake yi ya naɗe tabarmarsa. Abu biyar na kawo, duk a hannunmu suke.

Na farko, asusu. Kuma ba sai mun je nesa koyo ba. A jahar nan ta Maraɗi ne a 1991 aka fara tsarin Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE: mata su taru duk mako, kowa ta zuba ɗan abin da take iyawa, su ranta wa juna. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da dama na duniya. Iyayenmu mata ne suka koya wa duniya, mu ƴan boko mu kasa? In mutum 40 cikinmu, masu albashi da ƴan kasuwa da ƴan ci-rani, kowa ya zuba dala 100 a wata, wato sefa 500, jika 20 ke nan. A shekara jika 240. Ba za ta biya karatu a Lome ba, kada mu ruɗi kanmu. Amma za ta fitar da takardun haihuwa, ta biya kuɗin mota zuwa jarrabawa, ta sayi fenti da takarda, ta sayi keken ɗinki ɗaya. Ramukan da na lissafa, ta isa ta cike da yawansu. Sharaɗi: kuɗin ba na shan shayi ba ne, ba na bikin kowa ba ne. Mutum uku su riƙe, cikinsu da mace, kuma duk ƙarshen wata a sa lissafi a zaurenmu na WhatsApp kowa ya gani. Asusu nawa muka gani sun mutu don an ji kunyar tambaya?

Na biyu, labari. Mu ɗora wa mutum biyu da ke Yamai da Maraɗi aikin sa ido: yaushe ake buɗe rajistar EAMAU, me ANAB ke nema kafin ta ba da tallafin karatu, yaushe CFM ke ɗaukar sababbi, yaushe ake baje kolin SAFEM na mata masu sana'ar hannu. In sun ji, su aiko da murya, ba rubutun Faransanci ba, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, don uwa da uba su ji da kunnensu. Wannan ko dala ba ya ci.

Na uku, masauki. Duk wanda ke da ɗaki a Dakoro ko Maraɗi ko Yamai, ya faɗa mana yau ko zai iya karɓar yaro guda. Karɓa ta gaskiya nake nufi, ba a mayar da shi ɗan ɗebo ruwa da wankin mota ba. Ga ƴan mata kuwa, wannan shi ne komai. Uba ba zai saki ɗiyarsa zuwa birni ba sai ya san hannun da za ta shiga, kuma yana da gaskiya. Yayyenmu mata da ke aure ko aiki a birni, wannan ƙofa ku kaɗai ke iya buɗe ta. In ba ku buɗe ba, yarinyar nan mai ƴar tsana za a ɗaura mata aure kafin BEPC, hannunta ya tsaya a nan.

Na huɗu, mu haɗa ɗalibi da gwanin gida, kamar yadda aka yi a Dandaji. Duk ɗalibin da asusu ya taimaka, in ya zo hutu ya yi wata guda a rumfar baduku, ko maƙera, ko wurin magini, ko gaban tsohuwa mai saƙa. Ya zauna ƙasa ya koya, a biya gwanin ladansa. Shi kuma ya kawo abin da ya koyo: awo, sabon fasali, ɗaukar hoto, sayarwa ta salula. In kaya sun fito, a sa sunan mutum biyu. Kada ɗan boko ya kwashi aikin tsohuwa ya je birni ya ce shi ya ƙirƙira. Wannan sata ce, ko da takarda aka yi ta.

Na biyar, aikin farko. Wannan ya fi shafar mu ƴan birni masu karanta shafuka a salula. Mu ne masu cewa: ƙanena, ɗan zana mini tambarin ƙungiya, don Allah, ai minti biyar ne. Mai gyaran babur ba ma ce masa haka. Mai cajin waya ba ma ce masa haka. Wanda ya gama karatun zane, ba jawabi yake bukata ba, ciniki yake bukata. In ƙungiyarmu za ta buga riga, a ba namu ya zana, a biya shi. In ma'aikatar magajin gari za ta yi alluna, in makaranta za ta ɗinka tufafin ɗalibai, in ɗan kasuwa zai buɗe shago, mu tuna musu akwai ƴan gida. Mu kuma nuna wa masu zanen hanyar BNDA, ofishin kare haƙƙin masu fasaha, don kada a kwafe aikinsu a bar su da hamma.

Yaya za mu gano yaran? Kafin hutun nan ya ƙare mu ware yini guda a filin makaranta. Kowane yaro ya kawo abin da hannunsa ya yi: zane, ɗinki, motar gwangwani, allo mai zayyana, ƙwarya, tabarma. Ɗan boko da almajiri da wanda ke bin dabbobi, duk ɗaya. Malamai su nuna mana waɗanda suke kamawa suna ɓata kaye. Mu gayyato dukawa da maƙera da magina su zama alƙalai, a shimfiɗa musu tabarma a gaba, yara su ga an girmama su.

Ƙannena masu zane, saura ku. Ba zan yi muku ƙarya ba. Ba kowa zai zama Alphadi ba. Da yawanku abin da za ku samu shi ne shago, da abinci, da mutunci, kuma wannan ba kaɗan ba ne. Baiwa ita kaɗai ba ta isa, hannu sai da horo kullum. Kada ku ce tunda na iya zane na huta da lissafi. Mai zanen gini da bai iya lissafi ba, rufi zai kayar a kan mutane. Tela da bai iya awo ba, yadin mutane zai ɓata. Ku riƙe Faransanci, ku nemi Ingilishi. Kuma in an riƙe hannunku kun haye, bashi ne. Ba kuɗi za mu bi ku ba. Ku juyo ku kama na baya.

Zan rufe da abokina. Watannin baya na gan shi a tasha, muka zauna a inuwar wata mota muna gaisawa. Muna magana yana riƙe da tsinke yana zane a ƙasa, bai ma san yana yi ba. Ya ce mini ɗiyarsa tana aji uku, ita ma ta fara ɓata kaye. Ya yi dariya, sannan ya yi shiru, ya ce: kai da ka yi karatu, in hana ta ko in bar ta? Wallahi ban ba shi amsa ba. In na ce ya bar ta, me na tanadar mata? Na ce masa ya ba ni lokaci in je gida in tambayo.

To ga ni na zo na tambaya. Ga takarda nan za ta zagaya. Mai dala 100 ya rubuta sunansa, mai ɗaki ya rubuta, mai sana'ar da zai koyar ya faɗa a rubuta masa. In takardar ta dawo da sunaye, gobe zan kira shi in ce ya saya mata sabon kaye.

Allah ya yi wa iyayenmu albarka, ya ba mu damina mai kyau, ya sa yaranmu su fi mu.